Kwana Sittin a Barga

Jijiyar ƙafar gaba ce, ta hagu, in ji Nelida likitar dabbobi.
Ta naɗe ta da bandeji, ta ɗauki alli ta rubuta a jikin katako:
kwana sittin.
Ba sukuwa, ba kilisa, ba ko taku goma a fili.
Ta ja motarta ta koma Takwarembo,
ta bar ni da Tero,
dokin da tun haihuwarsa bai kwana da ƙofa a rufe ba.

Daren farko ya daki bango har gari ya waye.
Na biyu ya gwagwiyi bakin kwami, yana tofar da sartse.
Na uku ya kama kaɗa kai, dama, hagu, dama, hagu,
kamar mai musun maganar da ba wanda ya faɗa.

Na janye masa hatsi.
Ƙarfin da ya rasa wurin zuwa, mai shi yake ci.
Na cusa ingirici cikin tsohuwar komar ƙanena mai ƙananan idanu.
Abin da dā yake gamawa kafin shayina ya huce
yanzu sai rana ta take yana tsintarsa tsinke-tsinke.
Na rataya kabewa da igiya daga rufin kwano.
Ya kai mata cizo, ta kauce,
ta dawo ta make shi a hanci.
Rabona da dariya tun ranar da ya faɗi.

Maƙwabcina Eulogio ya leƙo, ya daɗe yana kallo.
Ya ce, ciyawa ba ta hira.
Da yamma sai ga shi da wata tunkiya mai ido ɗaya,
tsohuwa, wadda ko mahauci ya raina.
Ta shiga ba sallama, ta kwanta a tsakiyar shimfiɗarsa.
Tero ya shinshina ta, ya yi ajiyar zuciya,
ya matsa mata.

Ba duka dabara ce ta ci ba.
Na ɓalle katako ɗaya don ya riƙa hango makiyaya,
ranar da 'yan'uwansa suka zubo a guje daga tudu
ya yi haniniya ya miƙe a ƙafa biyu,
hantar cikina ta kaɗa.
Na mayar da katakon da ƙusa huɗu.
Rediyo ma sai da na koyi zaɓinsa:
ba ya son ihun mai sharhin ƙwallo,
ya fi son matar nan mai karanta farashin ulu da shanu.

Daren talatin da uku iskar kudu ta taso,
itatuwan turare na ruku'u, kwano na kuka.
Na ɗauko bargo na shiga wurinsa.
Tafina a wuyansa, ina warware masa geza da yatsu,
na faɗa masa abin da ban faɗa wa Nelida ba:
na san ƙasa ta jiƙe a yammacin nan,
na sani sarai, na zungure shi,
saboda ɗan maraƙi guda da ko an bar shi zai dawo da kansa.
Bai ce komai ba.
Ya ɗora min nauyin haɓarsa a kafaɗa
har hannuna ya mutu.

Ranar sittin ta zo, ta tsuguna, ta latsa, ta saurara da yatsa.
Ta ce, minti biyar, a hannu, a busasshiyar ƙasa.
Ta goge sittin, ta rubuta talatin a gurbinsa.

Na buɗe ƙofa ina riƙe da ragama da hannu biyu,
ina jiran ya fizge.
Ya sa kofato ɗaya a rana, ya tsaya.
Ya waiwaya.
Sai da tunkiyar ta gama miƙa, ta fito tana ɗingishi,
muka kama hanya mu uku,
kuma ko rijiya ba mu kai ba.